Ciwo da neman abinci a wurin 'yan gudun hijira: abin da muka gani a jihar Tawa

Mai koyar da ɗinki, Tawa: Assalamu alaikum. Cikin matan da nake koya wa ɗinki akwai 'yan Mali da rikicin 2012 ya koro, kuma hannunsu yana da kyau ƙwarai, sai dai kaɗan ne ke kai ƙarshen koyo. Da na bi sawu, na tarar ciwo ne ke tsayar da su, wata idonta ba ya ganin kafar allura, wata kuma jinyar ɗa. Ina roƙon wanda ya ga irin wannan ya faɗa mana.

Mai lambun albasa, Galmi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni 'yan ƙwadago nake ɗauka, kuma da yawansu mutanen jihar Sakkwato ne da 'yan bindiga suka koro zuwa wajen garin Bangi da ke nan jihar Tawa. Dashen albasa ba ya jiran kowa, don haka wanda bai fito ba a ranar nan ake sa wani a gurbinsa, su ma sun san da haka, shi ya sa suke ɓoye ciwo. Akwai wani dattijo mai gwaiwa da ke ɗaure mararsa da tsohon rawani kafin ya sunkuya cikin fangali, bai taɓa faɗa ba sai ranar da muka ɗauke shi a amalanke. An yi masa aiki ya warke, amma lokacin aikin lambu ya wuce shi.

Ma'aikaciyar jinya, Madawa: Alhaji, abin da ka faɗa shi muke gani. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, amma babba, wanda shi ne ke ciyar da gida, sai ya biya, shi ya sa yake haƙuri da ƙwayoyin 'yan tebur har ciwon ya kwantar da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga yakan zo ba takardar asibiti, bai san sunan maganin da yake sha a gida ba. Wanda ya fi damuna shi ne uwar da aka kwantar da ɗanta saboda tamowa: tana zaune gefen gado, jarin ƙosanta yana tafiya a abinci, kafin a sallame su wata ta kafa kasko a wurinta.

Lebura, Madawa: Ni daga yankin Sabon Birni na jihar Sakkwato na fito, kuma nawa ciwon ba a ganinsa. Bayan mun tsallako barci ya ƙaurace mini, ƙarar babur da dare sai in miƙe zumbur, da safe kuma bulo ya riƙa suɓuce mini. Magini biyu suka sallame ni, suna cewa lalaci ne. Na ukun ya tambaye ni dalili, ya mai da ni wajen jiƙa bulo da tsaron siminti, ya kuma bar mini safiyar ranar da nake ganin likita ba tare da ya yanke kuɗina ba. Yanzu ina ɗora bulo da kaina.

Mai koyar da ɗinki, Tawa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Zan riƙa ajiye wa mai jinya kekenta har ta dawo. Malama ta Madawa, ina ake samun awon ido mai rahusa a nan kusa?