Yaya zan koya wa ƴan CM1 (aji biyar na firamare) ƙarfi da motsi alhali ba mu da kayan gwaji?

Malamar CM1, Tawa

Assalamu alaikum malamai. Mako mai zuwa za mu shiga darasin ƙarfi da motsi, ajin kuma ya haura yara 60. Abin da ke hannuna allo ne da alli da mita ɗaya ta katako. Turi da ja ba su da wuya, kowane yaro ya san jan guga da turin amalanke. Inda na maƙale wuri biyu ne. In na ce me ya tsayar da ƙwallo bayan an buga ta, sai su amsa baki ɗaya: "ƙarfinta ya ƙare." Sannan sun haƙiƙance babban dutse yana riga ƙarami isa ƙasa. Don Allah da me zan nuna musu su gani da idonsu?

Tsohon mushe (malamin makaranta), Yamai

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ce musu sun yi kuskure. Ki bar ƙasa ta ba su amsa.

Ki samo katako mai santsi, tsawon mita ɗaya, ki ɗora kansa bisa bulo guda, tudun kada ya wuce santimita 15. Ki samo gwangwanin tumatir wanda ba a fasa ba. Za a sako shi daga wuri ɗaya, ki ja layi da alli a wurin, ya gangaro zuwa shimfiɗa iri uku: sumunti da aka share, tabarma, da rairayi. Kowace shimfiɗa sau uku, yara su auna inda ya tsaya, ki rubuta na tsakiya a allo. Bisa sumunti zai yi nisa, bisa tabarma ya rage, cikin rairayi da ƙyar zai wuce taƙi biyu ko uku.

Sai ki tambaye su: gwangwani ɗaya, tudu ɗaya, to in ƙarfi ne ke ƙarewa, me ya sa ba ya ƙarewa wuri ɗaya? A nan za su gano da kansu cewa ƙasa ce ke riƙe shi. Wannan riƙon shi ne gogayya, kuma ƙarfi ne shi ma, sai dai yana fuskantar inda abin ya fito. Abu mai tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. In wannan ya zauna musu, rabin darasin ya ƙare.

Abin da ke ɓata gwajin uku ne. Yaro zai ɗan tura gwangwanin da yatsa ba da saninsa ba, don haka a tare shi da littafi, a ɗage littafin sama ya tafi da kansa. In tudun ya yi yawa, gwangwanin zai daki ƙasa ya yi tsalle, awon ya lalace. Kuma ƙurar hunturu tana kwanciya bisa sumunti cikin ɗan lokaci, a riƙa sharewa kafin kowane sako.

Malamin fizik a lise (babbar sakandare), Yamai

Baba ya gama magana kan ta farko. A ta biyun kuwa, kunne ya fi ido amfani, domin abin da aka sako daga tsayin mita ɗaya da kwata rabin daƙiƙa kawai yake yi ya isa ƙasa, ido ba ya iya raba gardama. Ki ajiye babban faranti na ƙarfe a ƙasa. Ki ɗora duwatsu biyu bisa littafi, ɗaya kamar goro ɗaya kamar mangwaro, ki karkata littafin da sauri su faɗo tare. Yara su rufe ido su saurara. Ƙara ɗaya za su ji. In an sako da hannu biyu, dama tana riga hagu, sai gardama ta dawo sabuwa.

Akwai wanda zai ce to takarda fa? Ki yaba masa, tambaya ce mai kyau. Ki yago takarda biyu daga littafi ɗaya, ki dunƙule guda, ki bar guda a shimfiɗe. Nauyinsu ɗaya, amma dunƙulalliyar za ta riga isa, saboda iska tana tare mai faɗin. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka faɗi tare. Yara suna son wannan labarin ƙwarai.

Ma'aunin ƙarfi sunansa niyuton, sunan Isaac Newton na Ingila ne aka sa masa. Jan da ƙasa ke yi wa kilo ɗaya ya kusa niyuton 10, ke nan litar ruwa ɗaya kusan niyuton 10 ce. Za ki iya haɗa ma'auni da robar danko: ki rataya gorar roba, ki riƙa zuba ruwa rubu'in lita bayan rubu'in lita, kina sa alama a kwali inda bakin gorar ya kai. Ki sani roba ba ta miƙewa daidai wa daida, kuma zafi yana canja yadda take miƙewa, don haka alamun ranar gwajin kaɗai ake yarda da su.

Malama mai ritaya, Tawa

Ni dai a ganina, ƙanwata, ki bar niyuton sai CM2, aji shida. Yaron da aka ba lamba da wuri haddace ta yake yi ya bar tunani. Ki ƙara wannan: kati bisa bakin kofin shayi, dala ashirin bisa katin, a ɗalle katin da yatsa a kwance. Kati ya tafi, kuɗi ya faɗa kofi. Abin da ke zaune ba ya son tashi, kamar yadda mai tafiya ba ya son tsayawa, shi ya sa fasinja ke zubowa gaba in direba ya taka birki. In kuɗin ya bi katin, ɗallin ne ba shi da sauri, ko katin ya yi damshi.

Malamar CM1, Tawa

Allah ya saka da alheri. Duka cikin zama ɗaya zan yi?

Tsohon mushe, Yamai

A'a Malama, zama uku, kowane minti 30. Gwangwani ranar farko, kati da kuɗi ta biyu, duwatsu ta uku. Ki kasa yaran goma goma, kowane rukuni da mai sako, mai awo da mai rubutu, kuma kafin a saki komai kowa ya rubuta a allonsa abin da yake zaton zai faru.