Ruwan Ginzo: taki ne ko cuta?

Baba Mai Lambu: Salamu alaikum jama'a. Na ji ana yaɗa cewa kayan lambun Ƙofar Marusa a nan Katsina guba ne, wai don da ruwan kwata muke ban ruwa. Ni abin da na sani, ruwa mai gudu yana wanke kansa. Kafin ya sauko rafin Ginzo ya iso wurinmu ya yi tafiya, rana ta buge shi. Ga shi da taki, latas ya yi shar ba ka sayi buhu ko ɗaya ba.

Malama Nas: Wa alaikumus salam Baba. A gafarce ni, maganar taki gaskiya ce, amma kashi da fitsarin da ke ciki ne suka sa ya zama takin. Ƙwan tsutsar ciki yana yin watanni a ƙasa bai mutu ba, tafiyar da ruwa ke yi daga cikin gari zuwa lambu ba ta isa ta kashe shi ba. Latas da kabeji da karas kuwa ɗanye muke ci. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ku ma da kuke tsoma ƙafa ciki kullum ina jiye muku.

Ɗan Ƙofar Sauri: Malama, ku rabu da manoma. Su suka haɗa bututun masai da kwata? Masu gidaje ne. Ga masu yasar masai da ke juyewa a rafi da tsakar dare, ga baƙin mai da ruwan batir daga garejoji. Ya kamata hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, ta fara da waɗannan.

Malam Na Zaure: Baba, a mazhabarmu ta Malikiyya idan najasa ta canja launin ruwa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, ya daina zama mai tsarki, ko yana gudu ko yana kwance. Annabi (SAW) ya hana bayan gida a mashayar jama'a. Duk wanda ya saki masansa a kwata ya auna kansa da wannan.

Baba Mai Lambu: Allah gafarta Malam, na ji. To mu bar lambun? Da rani wannan ruwan ne ba ya yankewa. Gida nawa ke ci daga nan?

Injiniya: Ba a ce ku bari ba, Baba. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2006, ta yarda a yi noma da irin wannan ruwa idan an rage haɗarinsa. Garinmu ba sai ya jira injin tace ruwa mai cin wuta ba. Kududdufai ake ginawa a jere. Na farko mai zurfi, laka da ƙwayayen tsutsa su kwanta a ƙasa. Na gaba marasa zurfi, gansakuka da hasken rana su yi ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan makonni ruwan ya fito da sauran takinsa. Zafin Katsina ma taimako ne a nan. Sai dai dalmar batir dole a tare ta tun daga gareji, rana ba ta kashe ta.

Malama Nas: Kafin a gina, a daina watsa ruwan kan ganye, a bi da shi ta kwari. A tsayar da ban ruwa kwana biyu uku kafin cira. Kuma don Allah a daina wanke kayan a cikin rafin.

Baba Mai Lambu: Wankin zan iya hana yarana daga gobe. Amma latas ya kwana uku ba ruwa a watan Afrilu, wa zai saya? Kuma Injiniya, waɗannan kududdufan naka fili suke so. Filin wa za a karɓa, namu?