Hanyar Dalton a jihar Alaska: wa ya gina ta, kuma don me?

Bagobiri: Assalamu alaikum. Ina duba taswirar jihar Alaska ta Amurka sai na ga wata hanya tilo, mai lamba 11, da ta miƙe arewa har kusan bakin teku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a duk tsawonta da ƙyar mutum zai ƙirga ƙauyuka uku. Me zai sa gwamnati ta zuba dukiya a titin da bai ratsa cikin jama'a ba? Ina roƙon masana su warware mini.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Man fetur ne ya haifi hanyar nan, kuma kamfani ne ya gina ta kafin jiha ta karɓa. A 1968 aka gano mai a Prudhoe Bay, a bakin tekun arewacin Alaska, sai aka yi gaggawar share wata hanyar hunturu da katafila, wadda aka sa wa sunan Gwamna Hickel. Kuskuren da aka yi shi ne kankare fatar ƙasa, alhali ita ce ke rufe ƙanƙarar da ke daskare a ƙarƙashi shekara da shekaru. Da zafi ya shigo sai ƙanƙarar ta narke, hanyar ta koma kwazazzabo cike da ruwa. Saboda haka a 1974, lokacin da kamfanin Alyeska ya tashi shimfiɗa bututun mai zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez, sai ya jibga tsakuwa mai kauri a kan ƙasa ba tare da ya tona ta ba, ya haɗa kogin Yukon da Prudhoe Bay cikin wata biyar. A 1981 aka raɗa wa wannan sabuwar hanya sunan injiniya James Dalton. Tsawonta kilomita 666 ne, daga kusa da ƙauyen Livengood, kudu da kogin Yukon, zuwa Deadhorse da ke daf da Prudhoe Bay, kuma kusan duk inda ta karkata, bututun na gefenta.

Alhaji Mai Tirela: Malam ya faɗi gaskiya. Na bi ta sau ɗaya da rani a ƙaramar mota, kuma duk da shekarun da na yi ina tuƙi, ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a titi kamar ranar ba. Gadar Yukon da katako aka daɓe ta, ga ta da gangara, ƙafafun mota na ƙara a kanta kamar ana kaɗa ganga. Wata tirela da muka yi gaba da gaba ta watso tsakuwa ta tsaga mini gilashi tun kafin in isa ƙauyen Coldfoot. A Coldfoot dole mutum ya cika tanki, domin daga nan sai ya yi kusan kilomita 385 babu gidan mai, kuma a tsakani akwai hawan Atigun, mai tsayin fiye da mita 1,400. Ƙa'idar wurin ita ce ƙaramar mota ta rage gudu, ta raɓe, ta ba manya hanya, domin su aka yi wa titin.

Hajiya Bilki: Yayana Bagobiri, ina da gyara kaɗan a tambayarka. Akwai jama'a a yankin, 'yan asalin ƙasar, sai dai hanyar ce ba ta bi ta ƙofar gidajensu ba; mutanen ƙauyen Anaktuvuk Pass, alal misali, har yanzu jirgin sama ne babbar hanyarsu. Sai a 1994 aka buɗe titin ga kowa har Deadhorse, bayan shugabanninsu sun ja da gwamnati har gaban kotu, suna tsoron kada mafarauta daga birni su tarwatsa garken karibu, wato barewar da suke rayuwa da namanta. Ni dai ina ganin tsoronsu na kan hanya, kuma doka ma ta yarda da wani ɓangarensa, tunda daga Yukon zuwa arewa baƙo ba ya farauta da bindiga a cikin mil biyar na kowane gefen titin, sai dai da kwari da baka.

Bagobiri: Na gode, Hajiya, na karɓi gyara. Malam Injiniya, tunda ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa ce ke riƙe da titin, yaya ake yi da shi yanzu da yanayin wurin ke ƙara ɗumi?