Sun musanya min rautar wifi da gyararriya: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Abban Yara, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da na sayi rautar wifi ta gida, irin wadda ake sa wa layi, da garantin shekara ɗaya. Kwanan baya ta tsiro da wani hali, sai ta mutu ta tashi da kanta, wani lokaci har sau goma a yini. Na kai ta ofishinsu da rasit, suka karɓa, suka ce in dawo bayan kwana goma. Jiya na koma, suka miƙo min wata a farin kwali marar zane. Da na iso gida sai na ga karce a gefenta, ga kuma sitika a ƙasanta da ke nuna gyararriya ce. Tana aiki, ban ce ba ta yi ba. Amma ni sabuwa dal na biya wa kuɗi. Haka ake yi, ko raina min hankali aka yi?

Mai Gyara, Farm Centre, Kano:
Wa alaikumus salam Alhaji. Haka ake yi. In ka nemo takardar garantin da ta zo a kwalin farko, galibi za ka tarar an rubuta cewa kamfani ne ke da zaɓi: ko ya gyara taka, ko ya ba ka sabuwa, ko gyararriya daidai da ita. Babu mai karanta takardar nan, ni ma sai da na shiga sana'ar na fara.

Kuma gyararriya daban, ta kwance daban. Ta kwance ita ce wani ya mora ya gaji ya sayar yadda take. Gyararriya kuwa an buɗe ta, an canja abin da ya lalace, an sake ɗora mata manhaja, an gwada. In an yi aikin da gaskiya ke nan, don akwai masu goge ƙura kawai su liƙa sitika.

Amma ga tambaya: da suka karɓi tsohuwar, har da cajarta suka karɓa? Yawancin rautocin da ake kawo min da wannan ciwon na mutuwa da tashi, lafiyarsu ƙalau. Cajar ce, wato adaftar, ta gaji. An rubuta 12V a jikinta, amma zafi da hawa da saukar wutar NEPA sun kumbura mata kafasito, wato ɗan abin da ke daidaita wuta a cikinta, da rauta ta ja wuta da ɗan ƙarfi sai ta gaza.

Maman Biyu, Zariya:
Ni tawa abin dariya ne. Aka ba ni gyararriya, na kunna, na duba sunan wifi da ke kan sitika ban gan shi a waya ba. Sai wani suna daban nake gani, wai gidan wane. Ashe saitin mai ita na farko ne ba su share ba! Kalmar sirrin sitika ta ƙi shiga, har na ɗauki mayafi zan koma musu. Ɗana ne ya samo tsinken sakace, ya danna ɗan ramin nan na baya mai share saiti, ya riƙe kamar daƙiƙa goma sha biyar har fitilun suka ɗauke. Da ta tashi sai ga sunanta na asali. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, to tawa da na ba su fa? Da sunan gidana da kalmar sirrina a ciki ta tafi.

Ɗalibin Kwamfuta, Bauci:
Hajiya, shi ya sa ake so mutum ya share tasa kafin ya miƙa, in dai tana kunnuwa, ya kuma cire layinsa. Ga wata dabara kuma: ku shiga shafin saitin sabuwar ta adireshin da ke kan sitika, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ku sa mata suna da kalmar sirri irin na tsohuwar sak, har manyan baƙaƙe da ƙanana. Wayoyi da talabijin za su haɗu da kansu, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Baba Ɗanfansho, Gombe:
Ni karce bai dame ni ba, ƙarƙashin tebur take zama. Inda na sha wuya shi ne takarda. An musanya min tawa wata takwas bayan na saye ta. Bayan wata uku ita ma ta daina ganin layi. Na koma da rasit ɗina, yarinyar da ke kan tebur ta duba ta ce lambar IMEI, wato lambar shaida da ke jikin na'urar, ba ita ce a rasit ba, don haka ba a wurinsu na saya ba. Na ce 'yata, ku kuka ba ni ita da hannunku! Sai da na yi sawu uku, na ce zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, sannan wani babba ya fito ya binciko a kwamfutarsu. A nan ne ma na ji cewa garantin ba ya sabuntuwa, daga ranar sayen ta farko suke ƙirgawa. Saura wata ɗaya ya ƙare. Abban Yara, ka koma su rubuta maka sabuwar lambar a takarda, da kwanan wata da hatimi, tun kana da sauran wata biyar.

Malamar Firamare, Katsina:
Tawa gyararriyar shekara biyu ke nan, ko tari ba ta taɓa yi ba. Ta farkon da ta zo a kwali mai sheƙi wata huɗu ta yi.

Abban Yara, Kaduna:
Na gode ƙwarai. Malam Mai Gyara, ka yi gaskiya, cajar ba su karɓa ba, tsohuwar na jona wa wannan. Daren jiya ita ma ta mutu ta tashi sau biyu. Da safe na aro adaftar maƙwabcina mai 12V, bakinsu ɗaya, na sa mata. Yanzu an yi la'asar ba ta ɗauke ba. Ke nan wataƙila tawa sabuwar lafiyarta lau, tana can za a liƙa mata sitika a ba wani. Baba, gobe in sha Allah zan je batun takardar, zan kuma tafi da cajar in ji ko garantin ya shafe ta.