Yadda ake gane mai cafe ƙwallo nagari a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka

Masu bibiyar ƙwallon Amurka da aka tattauna da su sun haɗu a kan abu ɗaya: kada gudu ya ruɗe ka. A 2017 John Ross ya cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22 a gwajin gudu, 'yan ƙungiyar Bengals suka ɗauke shi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa, amma raunuka suka hana shi kataɓus. A shekarar ne 'yan ƙungiyar Rams suka ɗauki Cooper Kupp a zagaye na uku na zaɓen, shi kuwa bai kai Ross gudu ba, daƙiƙa 4.62 ya yi. A kakar 2021 ya cafe ƙwallo 145.

Suka ce a zuba wa ƙafafun yaro ido lokacin da zai karya kwana: yana yakice mai tsaronsa cikin taku biyu? Wannan na fi yarda da shi. Sannan a duba da tafin hannu yake cafewa ko sai ƙwallo ta daki ƙirjinsa.