Masu dafa nama da kayan miya a kwalba da tukunyar firesha: wace kwalba da wane murfi suka yi muku aiki?

Uwargida daga Hotoro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wadda ta taɓa yi da hannunta ta faɗa min gaskiya. Ƙanen maigidana ya dawo daga Amurka ya kawo min babbar tukunyar firesha ta adana abinci, mai agogon auna matsin tururi a saman murfi, da kwalabe 12 masu murfi kashi biyu, wato faifai da zobe. Na yi murna ƙwarai, don mu a layinmu wuta takan kwana biyu ba ta leƙo ba, naman da ke firiza ya sha lalace min.

Jiya na gwada da naman sa. Na yi rowar kwalaben da aka kawo min, na ce bari in fara koyo da na mayonis da nake tarawa. Na zuba huɗu na mayonis da murafansu na asali, uku kuma na waɗanda aka kawo. Da na buɗe tukunya bayan ta huce, sai na ga romo da mai suna yawo a ruwa. Na ɗago ɗaya ta mayonis, jikinta ya biyo hannuna, gindinta ya zauna a ƙasa, ya cire zagaye kamar an yanka da reza. Wata kuma murfinta ya kumbura. Ukun nan lafiya lau suka fito. Laifin kwalba ne ko nawa? Kuma idan murafan nan 12 suka ƙare, ya ake yi?

Maman 'yan biyu, Gwammaja

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Anti. Ni dai tun shekarar 2016 da tsutsa ta cinye tumatir kwando ya gagari talaka nake adana nawa. Duk lokacin rani in ya yi araha maigida ya sayo min kwando biyu a 'Yankaba, in markaɗa da attarugu da tattasai da albasa, in dafa ya tsotse, in ɗura a kwalaben mayonis, in jera su a tukunyar girki in tafasa. Har damina nake sha. Wani lokaci ɗaya ko biyu su yi tsami in zubar, shi ke nan. Shi ya sa ban ga dalilin sayen wata kwalba mai tsada ba. Ko wutarki ce ta yi yawa?

Malamar kimiyyar abinci, Kabuga

Maman 'yan biyu, don Allah ki ba ni aron kunnenki, ba raina gogewarki na yi ba. Ni ma haka na taso na ga ana yi a gidanmu, kuma na yi shekaru ina yi kafin in daina.

Abin da kike yi da abin da Anti ta Hotoro ta yi ba ɗaya ba ne. Tukunyar girki ba ta wuce zafin tafasar ruwa, digiri 100 a bakin teku, a nan Kano ma wajen 98 ne saboda muna kan tudu, kusan mita 480. Tukunyar firesha tana kai abinci digiri 116 ko fiye, kuma nama yana zama a wannan zafin minti 75 a kwalbar rabin lita, minti 90 a ta lita ɗaya. Kwalbar mayonis an yi ta ne a ɗura mata kaya sau ɗaya a masana'anta a sayar. Ga shi mun sha kankare cikinta da cokali da wuƙa, duk wani ɗan ƙarzanen da ido ba ya gani a nan take tsagewa in zafi ya matsa mata. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ta gwada yawancin lokutan dafuwar da ake bi, ta ce kada a sa irin waɗannan kwalabe a tukunyar firesha saboda yawan fashewa. Leɓen bakinsu ma siriri ne, murfi ba ya samun wurin zama sosai.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne haɗin kayan miyar. Ƙwayar cutar da ake tsoro, mai haddasa botulizim, wato ciwon da dafinta a abinci ke kawowa, ba ta son tsami, ba ta girma a abincin da ma'aunin tsaminsa, wato pH, yake 4.6 ko ƙasa, don ƙaramar lamba ita ce yawan tsami. Tumatir shi kaɗai yana kan iyaka ne, shi ya sa ake ƙara masa ruwan lemon tsami na kwalba cokali 2 babba a lita ɗaya, ko rabin ƙaramin cokali na sitirik asid. Da zarar kin zuba albasa da tattasai da attarugu kin rage tsamin, tafasa a ruwa ba ta isa ba. Wadda ta yi tsami kika zubar, ita ce mai gaskiya, ta nuna kanta. Wannan dafin yana iya zama a kwalba ba wari, ba kumfa, launi bai canza ba. Ni yanzu tumatir zalla nake ɗurawa da tsaminsa, tattasai da attarugu in shanya su kamar yadda ake kauɗa, ranar miya a haɗa.

Anti ta Hotoro, tunda taki mai agogo ce, allura ta tsaya a 11 ko sama kaɗan, kada ta sauka. Masu tukunya mai ɗan ƙarfen da ke rawa a sama, a tudun Kano ƙarfe mai lamba 15 za su sa, 10 ta masu ƙasa da mita 300 ce irin su Legas.

Mai abincin sayarwa, Zoo Road

Ni maganar murfi ce ta kawo ni, don a nan na sha wuya. Shekara uku ke nan ina yin wake da naman kaza a kwalba saboda oda ta gaggawa. Da murafaina na farko suka ƙare, na dubi tsofaffin da na ɓanɓare, na ga ba su lanƙwashe ba, na wanke na sake sawa. Cikin kwalba bakwai, uku ba su kama ba tun a ranar. Biyu sun kama, bayan sati biyu na je ɗauka na ga faifan yana zamewa da kansa. Asarar kaji da iskar gas da wuni guda.

Daga baya na ɗauki sabon faifai da tsoho na kifa su a tafin hannu a rana. A gefen cikin kowanne akwai jan danko zagaye. Na sabon a cike yake, sumul. Na tsohon kuwa bakin kwalba ya riga ya yi masa kwari, siririn rami kamar sawun zobe a yatsa, ya taurare a haka. In kin mayar da shi, sai dai in sa'a ta sa ramin ya hau daidai inda ya bari. Faifai sau ɗaya ne. Zoben da kwalbar su ne ake ta juyawa matuƙar zobe bai yi tsatsa ko ya lotsa ba.

Sai ɗaurin zobe. Da ina murɗawa da iya ƙarfina, wai kada romo ya fita. Ashe dole iskar ciki ta samu hanyar fita lokacin dafuwa, in ta rasa sai ta ture faifan ya tanƙware. Da yatsu uku ake juyawa, in ya tsaya a ƙara kaɗan a bari. Kuma a goge bakin kwalba da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da binega kafin a ɗora faifai, don kitsen nama ko ɗigo ɗaya ya hau wurin, murfi ba zai kama ba.

Mai shagon kayan kicin, Sabon Gari

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni namiji ne amma sana'ata ce, uwargidana ma tana yi. Ina so in fitar da haƙƙi a wuyana. Yawancin kwalaben da kuke gani a shaguna an rubuta Mason a jiki, na ado ne da zuba zoɓo da kunun aya. Sunan ba na wani kamfani ɗaya ba ne, sunan mutumin da ya ƙirƙiro kwalba mai bakin murɗawa ne a Amurka a 1858, yanzu kowa na iya buga shi a gilashi. In kun ga mai mariƙi kamar kofi, ko murfi mai huda ta tsinken shan lemo, ko gilashi mai fenti, ku bar ta a kanta. Wata Hajiya ta taɓa zuwa za ta ɗebi dozin biyu don naman layya, na ce mata a'a, ta ji haushina, amma gara haka.

Ta gaske bakinta iri biyu ne kawai, milimita 70 da milimita 86, kwalinta kuma yana faɗin cewa ta adana abinci ce. Ball da Kerr su ne sanannu. Ku zo da faifanku da zobenku ku gwada a shago: zobe ya hau ba gargada, ya danne faifan ko'ina. Sannan ku zagaya bakin da ɗan yatsa a hankali, ku ɗaga ta ku duba a haske. Kayan nan suna shan jijjiga daga Legas zuwa nan, a kwali ɗaya sai a samu wadda bakinta ya ɓantare kamar ƙwayar gero. Murafai marasa suna da ake sayarwa ɗari-ɗari a leda ta intanet kuwa, na taɓa karɓo su sau ɗaya, da na ji rashin kaurinsu a hannu da yadda dankon ya yi tsalle a wasu wurare, ban sa su a kanta ba.

Hajiya daga Yakasai

Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Mu dai da suya muka sani, a soya naman layya ƙarau a zuba a kwalla ya kai Ashura. 'Yata da ke aure a Jamus ce ta kawo min wasu kwalabe, Weck, murfinsu ma gilashi ne, da zoben roba ja da 'yan ƙarafa biyu na maƙalewa. Ina son su don ba abin da zai yi tsatsa. In ta huce na cire ƙarafan, na kama murfin kaɗai na ɗaga, in kwalba ta biyo to ta kama, ɗan harshen robar ma yakan sunkuya ƙasa. Robar nake canzawa duk yi. Malama, su ma da magana?

Malamar kimiyyar abinci, Kabuga

Hajiya ina wuni. Waɗannan don adana abinci aka yi su, ba a haɗa su da na ado ba. Abin lura ɗaya ne: mintunan da na ambata an gwada su ne a kwalba miƙaƙƙiya ta rabin lita da ta lita. Weck suna da masu tumbi da masu faɗi, zafi ba ya ratsa tsakiyarsu daidai da waccan. Ga nama da wake ki zaɓi miƙaƙƙu da ba su wuce lita ba, in girman ya faɗa tsakani ki ba shi lokacin babbar. Duk kwalbar da ta fi lita ɗaya, kowace iri ce, kada a sa mata nama.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni

Ƙari kaɗan kan alamun botulizim. Wanda ya ci abincin kwalba ya fara gani biyu-biyu, fatar ido na saukowa, magana na laushi, haɗiya na wuya, yawanci cikin awa 12 zuwa 36, kuma ba zazzaɓi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko kemis. A nufi babban asibiti, na Malam Aminu Kano ko Murtala, a faɗa wa likita abin da aka ci, a tafi da ragowar. Kuma kwalbar da ake shakka ba a ɗanɗana ta ko da kan cokali, ba a kuma zuba wa kaji.

Amarya a Rijiyar Zaki

Ni da ƙaramar tukunyar firesha ta dafa ganda na so in fara, sai yayata ta hana ni. Ta ce in ba ta ɗaukar kwalba huɗu na lita a tsaye a kan ragar da ake sawa a ƙasan tukunya, ba ta adana abinci ba ce, saurin zafi da saurin hucewarta suna rage dafuwar. Yanzu tata nake ara.

Anti ta Hotoro, ban ga kin ambaci raga ba. Gindi ya cire zagaye haka, ni ma ya taɓa faruwa da ni da kwalba mai kyau, ranar da na sa ta da sanyinta cikin ruwa mai zafi. Kwalba da ɗumi, abinci da zafi, ruwan tukunya da zafi amma ba yana tafasa ba, kuma gilashi kada ya taɓa ƙasan tukunya. In kin fito da su, kan tawul za ki jera, ba kan tayil ba, a kashe fanka, lokacin hunturu a rufe taga. A bar su awa 12 zuwa 24 ba taɓawa. Farin hazo da ruwan borehol ke bari a jikinsu kuwa, binega cokali 2 a ruwan tukunya yana hana shi. Wajen ajiya na cire zoben gaba ɗaya, don da damina tsatsa ke manne shi, kuma yana iya riƙe faifan da ya saki ki zata lafiya. Nawa a ƙasan gado suke a ɗakin da rana ba ta bugu, sito na sama kusa da kwano a watan Afrilu ba wurin kwalba ba ne.

Uwargida daga Hotoro

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Amarya, ragar tana ciki, amma gaskiya kwalaben mayonis ɗin daga wanki da ruwan randa na ɗura musu nama mai zafi, na kuma cika su har wuya ban bar santimita biyu da rabi ɗin da littafin ya ce ba. Biyun da suka tsira da wadda ta kumbura na buɗe su tun jiya na sa a miya, ba zan ajiye ba. Ukun na cire zobensu, na danna tsakiyar faifai ba ya motsi, na ɗaga su da gefen faifan sun riƙe.

Yanzu na fito da sauran taran na bi bakinsu da yatsa kamar yadda Malam mai shago ya ce, ɗaya ta ɗan kama min fata, na mayar da ita ta zuba daddawa. Nawa masu faɗin baki ne, 86. Ƙanen maigidan zai sake zuwa kafin babbar Sallah, kuma faifai ba shi da nauyi a jaka. Duk mai so ta auna bakin kwalbarta ta rubuta min 70 ne ko 86 da dozin nawa, zuwa Juma'a zan tura masa. Maman 'yan biyu, in za ki gwada tumatir zalla bana, zan ba ki aron kwalba biyu ki gani.