Maƙwabciyata 'yar Samowa ta shanye, 'yarta kaɗai ke ɗawainiya, sun ce ba sa neman taimako

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga masu aikin jinya a nan Ostareliya.

Shekarata 4 a Logan, kudu da Birisben. Shinge ɗaya ne tsakanina da wasu mutanen Samowa (ƙasar tsibirai a tekun Fasifik), su 9 a gida mai ɗaki 3. Uwar gidan, mai shekara 62, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, ga kuma ciwon suga. Hannun dama ya mutu, ƙafa sai ja, ɗan Turancin da take yi ma ya tafi, yarensu kawai ya rage a bakinta. Autarta 'yar shekara 19 ce ke komai: wanka, kai ta bayi, allurar suga, juya ta cikin dare. Karatun da ta fara ma ta ajiye.

Ranar Talata na hango yarinyar tana shanya zanin gado. Ta sunkuya ɗaukar kwando, sai miƙewa ta gagara, ta dafe ƙugu ta daɗe a haka. Uwar ta kusa ninka ta a nauyi, kuma ko kujerar wanka ba su da ita, ta roba irin ta zaman tsakar gida suke sakawa a banɗaki.

Da na yi wa babban ɗan maganar NDIS, wato shirin gwamnati na tallafa wa masu naƙasa, murmushi ya yi ya ce sun gode, suna da aiga, wato dangi. Da yamma sai ga faranti an aiko min, gwaza da madarar kwakwa. Na gane an rufe min baki ne cikin mutunci. To in sake magana, ko in kama kaina?

Nas Bilki:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Na yi jinyar mutanen Samowa da dama a yammacin Sidni, kuma amsar nan da babban ɗan ya ba ki, na sha jin irinta. A wurinsu kula da iyaye tautua ne, hidimar da ake samun albarka da daraja ta hanyarta. In baƙo ya shigo yi wa uwa wanka, gani suke kamar an shelanta wa coci cewa 'ya'yan sun gaza. Sannan wankan uwa a kan 'ya mace yake faɗawa, shi ya sa gida na cike da mutane amma nauyin na kan mutum ɗaya.

Kalmar "taimako" ce ke ɓata zance. Ko a ƙidayar jama'ar Ostareliya ta 2021 akwai tambaya kan mai buƙatar a taimaka masa wajen kula da jikinsa, motsi ko magana, kuma kashi 5.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar suka faɗa ciki. Ni dai ina zargin gidaje irin wannan da yawa "a'a" suka cike, don abin da 'ya ke yi wa uwarta ba sa kiransa taimako. Ki tambayi yarinyar sau nawa take tashi a dare, yaushe rabon ta da barcin awa 6. Kuma ki fara da kaya kafin mutum. Kujerar wanka da ƙarfen dafawa a bango ba sa kunyata kowa. Likitansu zai iya turo mai duba gida ya ga abin da ya dace a saka.

Abu Yasir:
'Yar'uwa, kafin ki ɗora komai a kan al'ada, ki binciki takardunsu. Da yawa daga mutanen Samowa ta Niyuzilan suka biyo, da fasfon can, a kan biza mai lamba 444. Wanda ya shigo bayan 26 ga Fabrairu 2001 da wannan biza yana aiki, yana biyan haraji, yana da Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, amma NDIS ba ta ɗaukar sa. Wataƙila ɗan ya taɓa zuwa an mayar da shi, kuma ba kowa ke son faɗa wa maƙwabciya haka ba.

Daga 1 ga Yuli 2023 an buɗe ƙofa: ɗan Niyuzilan da ya shekara 4 a nan zai iya neman zama ɗan ƙasa kai tsaye, ɗan ƙasa kuma yana iya neman NDIS. Abin da ya sa nake gaggawa shi ne shekarun uwar. NDIS sai ƙasa da 65 ake nema, bayan nan sai tsarin tsofaffi na My Aged Care. Tana 62, takardu kuma ba rana ɗaya suke fita ba.

Hajiya Babba:
Ni kam ɗiyata sai na ce ki bi a hankali. Mutanen da suka riƙe tsohuwarsu a gida ba abin tausayi ba ne, kada ki shiga musu kamar mai gyara. Wa ya ce miki uwar za ta yarda baƙuwar da ba ta jin yarenta ta tuɓe ta? In dole sai kin yi magana, ba da ɗan za ki yi ba. Ki nemi matar fastonsu, faletua suke ce mata. Abin da ta faɗa ranar Lahadi ya fi takardar gwamnati goma. Ita ce za ta iya raba kwanan jinya tsakanin matan dangi ba tare da an ce wani ya gaza ba.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. Jiya na mayar da farantin, na samu yarinyar ita kaɗai a kicin. Abu Yasir, ka canka: 2009 suka zo daga Okland ta Niyuzilan, kuma yayan ya taɓa cike fom aka ce ba su cancanta ba. Maganar 2023 ba ta taɓa jin ta ba, sai da ta sa na maimaita tana rubutawa a waya. Da na tambaye ta barci sai ta yi dariya ta ce sau 3 take tashi, wani daren 4.

Hajiya, faletuar na zuwa duba uwar duk Alhamis, zan tsaya a bakin shinge in gaishe ta. Nas Bilki, tambaya ɗaya: in za a je wurin likita, ana samun tafintan Samowanci, ko yarinyar ce za ta riƙa fassara wa uwarta maganar fitsari da bayan gida a gaban yayanta?